Sifido da Sil a Tsohuwar Motar Soja: Inda Yaran Gareji Ke Ɓata Aiki

Na gaji da ganin abu ɗaya a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana. A kawo tsohuwar Bedford ta soja ko Land Rover irin ta da, allurar sifido, agogon da ke nuna gudun mota, tana rawa, ƙarƙashin mota yana ɗigar mai, sai yaro ya ruga shago ya sayo sabon kebur na sifido da sabon sil, zoben da ke hana mai fita. Ba a jimawa mota ta dawo da ciwonta, domin sau da yawa kebur da sil ba su ne tushen matsalar ba.

A fara da babban notin filanja, wato bakin ƙarfen da farfelar baya ke ɗauruwa a kai. A yawancin motocin nan masu jan ƙafa huɗu, sifido daga taransifa, akwatin giyar da ke raba juyi zuwa ƙafafun gaba da na baya, yake karɓar juyi, a bakin shaf ɗin da ke fita baya. A Land Rover Series, giyar da ke juya kebur ba abin da ke riƙe ta a jikin shaf sai matsin wannan noti. Da ya saki, giya ta riƙa sulɓewa, allura ta hau ta sauka. Filanja ita ma ta fara lilo tana cin leɓen sil. Ko sil goma ka canza, mai zai fito.

Wannan noti ya taɓa ci mini dukiya. Wata shekara da kakar doya na bar motata a wani gareji a canza sil ɗin baya. Wanda ya yi aikin ya ɗaure noti da guduma da cizal, bai ma zura fin ɗin da ke hana noti kwancewa ba. Na yi lodi a Ejura, ina gangaro tudun Mampong taransifa ta fara kuka, kafin in sami wurin tsayawa mai ya tsiyaye, boris ya ƙone. Doya ta wuni a rana, na biya wata mota ta kwashe ta, sannan na shiga neman taransifa ta hannu. Duk saboda fin ɗin da bai kai kuɗin koko ba! Ku yara, guduma ba ta ɗaure noti. Ku nemi sifana mai awo, ku duba adadin da littafin motar ya faɗa, ku sa sabon fin. In masta bai koya muku haka ba, ku tambaye shi dalili. Ni nakan shafa ɗan gam a haƙoran shaf kafin in mayar da filanja, don mai yana bin nan ya fito ta bayan noti, a ce sil ne.

Na biyu da ke ƙona mini rai shi ne ƙofar numfashi da ke saman taransifa da aksul. Jar ƙasar hanyoyinmu da ƙurar hunturu suna toshe ta. Mai ya yi zafi, iska ta kumbura ta rasa mafita, sai ta tura mai ta sil. Kwance ta, wanke da kananzir, hura da baki ka ji iska ta wuce. Ban taɓa sa hannu a sil ba sai na duba ta, kuma wanda ya tsallake wannan a gabana ba zai ƙarasa aikin ba. A Land Rover abin ya fi muni, don hambirki yana nan bayan taransifa: mai ya shiga duram, ka ja hambirki a gangara mota ta ci gaba da tafiya.

Wajen sa sil ɗin kansa, gefen da ke da ɗan siririn sifirin shi ke kallon mai. Kar a buga shi kai tsaye, a ɗora tsohon boris ko guntun fayif mai faɗinsa. In na fata ne, irin na tsofaffin motoci, ni kwana nake barinsa cikin mai. Ka bi wuyan filanja da farce. In ka ji kwari, sabon sil ba zai zauna ba, sai a canza filanja ko a sa mata hannun riga na ƙarfe.

Man giya EP90 iyakarsa bakin ramin awo, ƙari ba gata ba ne.

Kebur kuma ba a cika shi da giris. Kaɗan nake shafawa, in bar kamar taƙi ɗaya na sama a bushe, in ba haka ba giris ya hau cikin agogo ya danƙare allura. In ka kwance kebur ta bayan agogo ka ga man giya, ƙaramin sil ɗin da ke gindinsa a taransifa ne ya mutu, murɗin wayar ke jan mai sama. Kar a lanƙwasa kebur sosai, kar a bar shi ya jingina da salansa.

Wanda kuma ya sa taya mafi girma, sifido zai nuna masa ƙasa da gudun da yake yi. Da yawa cikin agogunan nan mil suke ƙirgawa, don haka 50 a allura kusan kilomita 80 ce a titi.