Yadda ake saita injin yankan ƙarfe mai kai biyu ya riƙa fitar da kaya iri ɗaya

Injin CNC (injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa) mai kai biyu, irin wanda kamfanonin Jamus kamar Chiron da SW ke ƙerawa, yana yanka kaya biyu a lokaci guda da furogiram ɗaya. Kawunan, wato sifindil biyu masu juya wuƙa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma tazararsu ba ta canjawa: a ƙananan injuna za ka tarar da milimita 200, 250 ko 320. Duk inda na hagu ya nufa a X da Y, wato layukan tafiya a kan fuskar kaya, na dama na biye da shi, a injuna da yawa har da Z, layin shiga zurfi. Hassan da Hussaini ne masu ƙafa ɗaya. Don haka duk bambancin da ya shiga tsakanin hagu da dama, ba a allon injin za ka gyara shi ba, sai da hannu, tun kafin a fara aiki. Tun ran gini ran zane.

Lissafin ribar a fili yake. Kayan da ke cin daƙiƙa 90, a aikin awa 8 injin mai kai ɗaya zai ba ka 320, mai kai biyu 640 a takarda. A zahiri ba ya cika haka, domin ɗaura kaya biyu ya fi ɗaura ɗaya cin lokaci. Idan odarka guda ɗari biyu ce ta yau, gobe wata daban, bar injin nan, saitinsa zai cinye ribar.

Fara da maɗauri

Maɗauran da ke riƙe kayan su ma dole tazararsu ta yi daidai da ta kawunan. Kada ka yarda da adadin da ke cikin littafin injin kawai, auna. Ɗaura agogon awo mai karanta milimita 0.001 a sifindil na hagu, zagaya ramin tsakiyar maɗaurin hagu har allura ta daina motsi, ka rubuta X da Y. Mayar da agogon kan dama ba tare da ka matsar da injin ba, ka zagaya ramin dama. Abin da allura ta nuna a nan kuskure ne da zai bi kowane kaya. Ana gyara shi da siraran faifan ƙarfe a bayan majingini, ko a sassauta maɗaurin dama a ɗan dungure shi da gudumar roba a sake ɗaurewa. Hanya mafi tsafta ita ce a bar injin da kansa ya yanka wuraren zaman kayan, kowane kai ya yanka nasa ɓangaren.

Kada a yi faifan da maɗauran ke zaune a kai da alminiyom don arha. Ƙarfe yana miƙewa kamar maikuron 12 (maikuron ɗaya shi ne milimita 0.001) a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya, alminiyom kuwa 23. A tazarar milimita 250, idan shagon ya ƙara digiri 10 tsakanin safe da azahar, abin da ba baƙo ba ne a rumfar kwano a Idu ta Abuja cikin watan Maris, faifan zai tsere wa jikin injin da kusan maikuron 30. Kayan safe su wuce awo, na rana su faɗi, ana ta zargin yaron da ke kan injin.

Wuƙaƙe biyu-biyu

Nan ne aikin yake. A injin da Z ɗinsa ɗaya ne, lambar tsawon wuƙa da umarnin G43 na furogiram ke karantawa guda ɗaya ce ga kawunan biyu. Idan wuƙar dama ta ɗara ta hagu da milimita 0.03, duk ramin dama zai fi zurfi da 0.03. Saboda haka a na'urar auna wuƙa ake haɗa su, ba a kan injin ba. Idan zane ya ba da sassaucin ±0.02 a zurfi, kada bambancin tsawonsu ya wuce 0.005. Mariƙi mai ƙusar saiti a ciki, ko wanda ake zafafawa ya buɗe ya kama wuƙa idan ya huce, su suka fi ba da wannan. Wasu sababbin injuna suna da Z daban-daban ko ɗan gyara ga kowane kai; duba naka kafin ka wahalar da kanka.

Kaurin wuƙa ma haka. G41 da G42, umarnin da ke lissafa kaurin wuƙa, lamba ɗaya suke ɗauka, don haka sabuwar wuƙa a hagu da tsohuwa a dama za su ba ka faɗi biyu. Idan ɗaya ta karye ko ta dakushe, cire duka biyun. Mai sauran rai a ajiye ta don aikin share fage. Mutane na jin zafin wannan saboda tsadar kabaid, sinadari mai tauri da ake yin wuƙar da shi, amma tiren kaya da aka mayar maka ya fi tsada.

Kafin ka sa mariƙi, goge fuskar HSK ɗin, wato gindin mariƙin da ke shiga sifindil, da bakin sifindil. Ɓarɓashi ɗaya mai kaurin gashi ya isa ya karkatar da wuƙa, rami ya fito da faɗi. Sa agogo kusa da bakin wuƙar ka juya da hannu: ga 'yan ƙanana, rawar kada ta wuce 0.005.

Gwajin farko

Ɗumama injin minti 15 zuwa 20, kana ɗaga gudu mataki-mataki, da mariƙi a kowane kai. Ba a juya sifindil babu komai a bakinsa, maƙullin ciki ne ke lalacewa. Bi furogiram layi-layi a sama da kaya, idonka a kan dama, domin yawanci hagu ake kallo, dama ce ke cin karo. Misalin gudu: wuƙar milimita 6 mai haƙori 3 a alminiyom, a mita 300 cikin minti, tana juyi kusan 15,900 a minti, da cizon milimita 0.04 ga kowane haƙori, tafiyarta kusan milimita 1,900 a minti.

Yanka biyar-biyar, ka raba su tire biyu, ka sa musu alama. Bari su huce, domin ma'aunin awo na duniya digiri 20 ne. A ce sassauci ±0.025 ne, hagu ta ba da +0.015, dama −0.005. Tsakaninsu 0.020 ne, kuma ofset, wato lambar gyara da ake sa wa a allon injin, ba ya rage shi, sai dai ya raba: matsar da −0.005, su zama +0.010 da −0.010. Idan bambancin ya cinye fiye da sulusin sassaucin gaba ɗaya, kamar yadda ya yi a nan, koma kan maɗauri da wuƙa. Kuma kada ka haɗa awon ɓangarorin biyu a lissafi ɗaya, matsakaicinsu zai yi kyau alhali kowanne na dab da faɗuwa. Cpk, lambar da ke nuna yadda kaya ke zama cikin sassauci, na 1.33 da masu saye ke nema, ga kowane kai ake fitar da shi.

Wuta, iska da ruwa

Injunan Turai 400 bolt suke so a 50 Hz, layin nan kuwa yana hawa yana sauka. Sa na'urar daidaita wuta da wayar ƙasa mai kyau. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, da ta dawo ɗaga Z tukuna, mayar da injin gida, wato mafarinsa, duba wuƙaƙen biyu, ka ware kayan biyu gefe. Ƙarfin iskar kwamfuresa ya kai 6 a ma'aunin bar, kuma a busar da ita, domin da damina kwamfuresa ruwa take tarawa, ruwan kuma shi ke sa bakin sifindil tsatsa. Da hunturu a riƙa wanke matatar akwatin lantarki duk mako saboda ƙura. Ruwan sanyaya wuƙa a riƙe man da ke cikinsa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, a auna kullum da safe, a kuma tabbata bututun hagu da na dama suna fesawa da ƙarfi ɗaya. Wanda ya toshe rabi, wuƙar ɓangarensa ce za ta riga mutuwa.