Yadda Ake Zama Jagoran Makaɗan Orkestira a Jamus

Duk mai burin riƙe sandar jagorancin orkestira (babbar ƙungiyar makaɗa) a Jamus, ya fara da ƙwarewa a fiyano, domin tsohuwar hanyar da ƙasar ta gada ta ɗakin atisaye take bi, nesa da idon 'yan kallo. Bayan karatu a ɗaya daga cikin manyan makarantun kiɗa na gwamnati, irin na Leipzig ko Munich, sai ya nemi aikin mai yi wa mawaƙa atisaye a gidan ofera (wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa), inda zai wuni yana kaɗa musu fiyano yana gyara numfashinsu da lafazinsu, wanda hakan ke wajabta masa sanin Jamusanci da Italiyanci. Shahararren jagoran makaɗa Christian Thielemann, wanda aka haifa a Berlin a 1959, da wannan aiki ya fara a gidan ofera na Deutsche Oper da ke Berlin yana ɗan shekara 19, ya kuma yi wa babban jagoran makaɗa Herbert von Karajan hidimar mataimaki.

Mataki na gaba shi ne muƙamin Kapellmeister, wato jagoran makaɗa na gidan ofera da ke ƙarƙashin babban daraktan kiɗa, kuma ya fi kyau a fara nemansa a ƙaramin gari, saboda a can ake yawan miƙa wa matashi wasan da wani ya shirya, a ce ya jagorance shi da dare ba tare da ya yi atisaye da makaɗan ba. A ganina babu makarantar da ta kai wannan, don nan take makaɗa ke gane wanda ya san takardar kiɗan da wanda yake lalube. Thielemann ya riƙe muƙamin a Düsseldorf daga 1985, ya zama babban daraktan kiɗa na Nürnberg a 1988.

Da zarar an kai matakin darakta, rabin aikin ya koma ofis, tunda birane da jihohi ne ke ɗaukar nauyin mafi yawan ƙungiyoyin. Kafin ya sa hannu a kwantaragi, lallai ya tabbatar an rubuta wa ke da ikon zaɓen kaɗe-kaɗen shekara da baƙin jagorori, shi ko manajan gidan, sannan ya binciki kasafin kuɗi. Saɓani kan kuɗi ne ya fitar da Thielemann a 2004 daga Deutsche Oper, inda ya koma a matsayin babban daraktan kiɗa, kuma jayayya kan shirye-shiryen baƙin jagorori ce ta raba shi da ƙungiyar orkestira ta Munich da yake jagoranta a 2011, kafin ya koma Dresden a 2012.