Yadda na gyara amon jita da ya siranta a akwati mai sifika 2

Amon ya yi siriri, babu nauyi daga ƙasa, ko an ƙure bas, wato amo mai kauri, a jikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Matsalar tana cikin akwatin: sifika 2 masu inci 12, an juya wayoyin guda ɗaya. Idan ɗaya ta tura iska gaba, ɗayar sai ta ja baya, bas ɗin ya cinye kansa.

Gano wannan ba wuya. Na zare wayar akwatin daga amfilifaya, na taɓa bakinta da batir mai bolt 9, taɓawa ɗaya a ɗauke, ina kallon takardar sifikokin. Ya kamata su motsa gefe guda. Da na ga sun saɓa, na musanya wayoyin guda ɗaya na liƙe da dalma, + da +, − da −.

Sai batun om, ma'aunin turjiyar lantarki, wanda nake ganin ya fi muhimmanci. Sifika 2 masu om 16 a wannan haɗin na + da +, − da − suna ba da om 8, mitar awon om kuma za ta nuna kusan 6 zuwa 7, daidai ne hakan. Na sa wayar akwatin a ramin om 8 na amfilifaya. Kada a kunna amfilifaya mai bawul, wato mai ƙwayayen gilashi a ciki, ba tare da sifika a jone ba, taransifomarsa na iya ƙonewa. Wayar jita ma ba ta dace a nan ba, siririya ce, sai wayar sifika mai kauri.

Daga nan na mayar da bas, mid (amon tsakiya) da tirebul (amon sama) kan 5, na rage gen (ƙarfin sautin da ke shiga), na janye akwatin daga kusurwar bango don bas ya daina rugugi.