Kafin ka ɗaure kaya daga Niyok zuwa Teksas, zo mu yi lissafi

Shekaranjiya da daddare muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida nan Gwale, an ɗauke wuta kowa na fifita, sai ga kiran ɗan yayata daga Amurka. Watansa 8 kenan a Buronks cikin birnin Niyok, yana kwana a falon wasu 'yan Zangon Kumasi da suka riƙe shi tsakani da Allah. Ko gaisawa bamu gama ba yace, "Kawu ni fa na gaji, Teksas zan koma, ance can ba haraji kuma haya araha." Nace toh madalla ɗana, wane gari a Teksas ɗin? Shiru. Nace wa ka sani a can? Yace akwai wani abokinsa da suka yi makaranta tare, amma rabon da suyi waya tun bara. Dariya ta kama ni, don ni ma haka na taɓa yi lokacin ina can, kuma na ji a jikina. Tunda ba shi kaɗai bane, yaranmu da yawa suna isa su sauka inda aka karɓe su, bayan 'yan watanni zuciya ta fara cewa a canza gari, bari in faɗi abinda na sani.

Jiha a Amurka ba irin tamu bace. Nan ka hau mota a Na'ibawa ka sauka Kaduna, lasisinka na tuƙi yana aiki, ba wanda zai tambaye ka komai. Can jihohi 50 ne kuma kowacce kamar ƙasa take, da harajinta da lasisinta da dokar hayarta da tsarin asibitinta. Teksas kaɗai ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Najeriya, daga Hustan zuwa El Faso ya kai Kano zuwa Legas har da ɗori. Kaga cewa "zan koma Teksas" daidai yake da mutum yace zai koma Arewa, toh ina a Arewar, Sakkwato ko Yola? Gari zaka zaɓa, kai unguwa ma zaka zaɓa, don a gari ɗaya sai kaga unguwanni biyu titi ne kawai tsakaninsu amma rayuwarsu ba ɗaya ba.

Maganar haraji gaskiya ce amma rabinta aka faɗa masa. Teksas, Fulorida, Tenesi, Nebada, jihar Washintan da wasu 'yan kaɗan basa cire harajin jiha daga albashi. Na tarayya kuwa yana nan daram ko ina kaje. Kuma gwamnati bata barin kuɗinta, abinda Teksas ta bari a albashi tana karɓa a harajin gidaje wanda yake da nauyi sosai, mai gida kuma ba daga aljihunsa zai biya ba, a cikin hayarka zai cusa. Sannan wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, harajin jihar da yake gudu ɗin ba wani mai yawa bane. Ka duba ta ɗaya ɓangaren: mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 ba a taɓa shi ba, kuma da shi Teksas take aiki, alhali a birnin Niyok dala 16 ne a 2024. Eh, kamfanoni da yawa a Teksas suna biyan sama da hakan, amma doka bata tilasta musu ba. Don haka tambayar ba nawa ne haya ba, nawa zai rage a aljihunka ranar 30 ga wata bayan haya da wuta da mota da inshora da abinda zaka turo wa Hajiya.

Yanzu ga inda ni na faɗa rami, wato mota.

A Niyok jirgin ƙarƙashin ƙasa baya barci, awa 24 yake yi, ga bas ko ina, mutum sai yayi shekara 10 bai taɓa sitiyari ba kuma yana neman kuɗinsa lafiya lau. Samarinmu da yawa ma da keke suke kai abinci gida gida. Na saba da wannan, sai na samu wani ɗaki mai araha a bayan wani gari a jihar Jojiya, kusan rabin abinda nake biya, na ga hotuna a waya, ga ciyawa kore shar ga wurin ajiye mota, na tura kuɗin kafin alƙalami ban je na gani ba. Da na isa sai na tarar bas ɗin unguwar sai kayi awa guda kana jira, ranar Lahadi kuwa ka manta da shi, babu adaidaita sahu da zaka ɗaga wa hannu, babu ɗan acaɓa, ko gefen titi na masu tafiya a ƙasa babu a wasu wuraren. Shagon da zan sayi madara tafiyar minti 40 ne a ƙafa. Aikin da na samu a wani sito shif ɗin asuba ne, ƙarfe 6, toh da me zan je? Uber na dinga hawa har sai da na lissafa naga kusan rabin kuɗin yinin a hanya yake tafiya, na makara sau uku suka sallame ni. Da nace zan tashi aka nuna min takardar da na sa wa hannu, shekara guda cif, in zan fita sai na biya tara. Arahar nan wallahi bata yi min ado ba.

Hustan, Dalas, Atlanta, Finiks, duk garuruwan mota ne. In baka da lasisi, baka da kuɗin sayen ko da tsohuwar mota, ka zauna inda kake ka fara samo su. Kuma inshorar mota dole ce, sabon direban da bashi da tarihin tuƙi a ƙasar shi ake yi wa tsada, a Ditiroyit ta jihar Mishigan kuwa tsadarta har ta yi suna. Mai Uber shima ya sani, a birnin Niyok sai da lasisin TLC, wato hukumar tasi ta birnin, ake yi, wasu garuruwan nasu tsarin daban, kuma kuɗin da ake samu ba ɗaya bane. Ma'aikatan jinya su bincika tun kafin su tashi, akwai jihohi da yawa da suke karɓar lasisin juna amma Niyok da Kalifoniya basa cikinsu.

Sai maganar mutane, wadda a wurina ta fi duk lissafin nan. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayo goro basa sauka gari haka kawai, kowa da maigidansa a zango, shi zai baka masauki ya tsaya maka a ciniki. Har gobe hakan take. A can mai gida ba kuɗin shekara yake so ba irin na Kano, wata wata ake biya, amma zai nemi tarihin bashinka da suke kira kiredit, da takardun albashi, yawanci yaga kana samun ninki uku na hayar, a Niyok ma sai suce albashinka na shekara ya ninka hayar wata sau 40. Sabon zuwa ina zai samo wannan? Sai dai wani ya tsaya masa ko ya bashi ɗaki. Toh kaga amfanin ɗan gari.

Ina namu suke? Buronks dai an sani, Hausawan Gana da 'yan Nijar da Fulanin Gini, masallatai a lungu lungu, zaka ji Hausa a titi, ka ci waken Gana da tuwo, ka sayi kuka da daddawa ba wahala. Girinsboro a Karolaina ta Arewa akwai 'yan Nijar sosai, Zabarmawa da Hausawa, kuma rayuwa ta fi Niyok sauƙi. Merilan da kewayen Washintan akwai 'yan boko namu da ma'aikata. Hustan cike take da 'yan Najeriya musamman wajen unguwar Alif, amma ka sani yawancinsu 'yan kudu ne, zaka samu garin kwaki da manja da egusi a kowanne shago, Bahaushe kuwa sai ka nema. Kolambus ta Ohayo da Miniyapolis Somaliyawa ne suka cika, naman halal da masallaci ba matsala, a Miniyapolis ma tun 2023 aka yarda a kira salla da lasifika duka lokuta biyar. Diyabon a Mishigan ta Larabawa ce. Musulmi dai 'yan uwanka ne kuma zasu taimaka, amma randa zazzaɓi ya kwantar da kai ƙarfe 2 na dare wanda zaka yi wa bayani da Hausa kake nema.

Akwai tambayar da ba a son yi amma ni ina yi wa kowa: garin akwai maƙabartar Musulmi? Akwai masu wanka da sutura? Mutuwa a can kuɗi ce mai yawa, kuma jama'a ce take haɗawa. Mun taɓa yin kwana da kwanaki muna karo karo kafin a kai wani bawan Allah makwancinsa, saboda ya zauna a garin da ba wanda ya san shi.

Yanayi kuma kar ka raina. Mu 'yan Kano in hunturu ya shigo aka ce sanyi ya kai digiri 12 sai kaga an fito da rigunan sanyi ana jin wuta. Miniyapolis a Janairu yana sauka ƙasa da sifili da digiri 20, kuɗin hita kaɗai wata haya ce. Masu cewa ai mu zafi ba baƙonmu bane, Finiks ta yi kwana 31 a jere a 2023 zafi bai sauka daga digiri 43 ba da rana. Hustan zafinta mai gumi ne irin na Legas, ga ambaliya, guguwar Harbi ta 2017 ta cinye gidaje ba adadi, don haka ka tambaya ko unguwar ruwa yana cin ta kafin ka kama ɗakin ƙasa. A Fabrairun 2021 kuma sanyi ya kashe wutar Teksas kwanaki, mutanen da suka gudo daga ɗauke wuta suka kwana a duhu.

Takardu, nan ba wasa. Kusan duk wanda ba ɗan ƙasa ba in ya canza adireshi dole ya sanar da USCIS, wato hukumar shige da fice ta Amurka, cikin kwana 10, fom ɗin AR-11 ake cikewa, ko kana da girin kad. Wanda yake da shari'a a kotun shige da fice nasa kwana 5 ne kuma kotun kanta zai sanar, shari'ar bata bin ka sabon gari da kanta sai an nemi a mayar, in takardar zaman kotu ta je tsohon gida baka halarta ba alƙali zai iya yanke hukuncin kora kana can kana barci. Kayi magana da lauyanka kafin ka sayi tikiti. Ɗalibi ya fara da ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsu. Lasisin tuƙi shima sai ka canza, Teksas kwana 90 take bayarwa, Niyok 30. Tallafin asibiti na Medicaid baya bin mutum, kowacce jiha sai ka nema sabo, kuma Teksas da Fulorida da Jojiya sun fi Niyok tsauri nesa ba kusa ba, mai mata da ciki ko mai ciwon suga yayi tunani sau biyu. Mai son karatu ya sani yawanci sai ka shekara a jiha kafin a baka rangwamen 'yan jiha. Yara kuma makarantar gwamnati adireshinka ne yake zaɓa musu. Sabunta fasfo ofisoshinmu suna Washintan da Niyok da Atlanta, Atlanta ɗin kuma akwai jirgin Delta kai tsaye zuwa Legas, sai ka ƙaraso Kano.

Abinda na faɗa wa yaron nan shi ne kar ya saki ɗakinsa. Ya nemi hutun sati ɗaya yaje ya gani da idonsa, ya sauka wurin mutum ba otal ba, yaje Juma'a ya tsaya bayan salla ya gaisa da mutane ya tambayi inda ake ɗaukar aiki, ya tashi ƙarfe 5 na asuba ya gwada zuwa wurin aikin daga unguwar da yake so ba tare da an kai shi ba, ya koma unguwar ƙarfe 11 na dare yaga kalarta. Kar ya tura wa kowa ko dala ɗaya a kan ɗakin da bai shiga ba, 'yan damfara sun cika intanet da hotunan gidajen da ba nasu ba. Kuma aiki ya riga kaya isa.

Jiya ya sake kira, yace abokin nasa ashe tuni ya bar Hustan ya koma Ohayo. Yanzu wai Girinsboro yake tunani, akwai wani dattijo ɗan Maraɗi a masallacinsu da ƙaninsa yake can, yace zai haɗa su. Nace yaje ya gani tukuna, kuma ya fara zuwa koyon mota wannan satin. Yaya kuwa da na bata labari tambayarta ɗaya ce, in ya koma can ƙarfe nawa zata dinga samunsa a waya, nace mata lokacinsu ɗaya da Niyok, bayan la'asar ɗinmu ya tashi.