Kurakuran da ake yi wajen noman masarar ciyar da shanu

Na gaji da jin masu sabon kiwo suna kukan sun cika wa saniya ciki da masarar da aka yanka har da karanta amma nono bai ƙaru ba. Sau da yawa laifin yana cikin karan. Bangon ƙwayoyin halittarsa abu uku ne: selulos, hemiselulos da lignin. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi suna narkar da biyun farko, amma lignin ya fi ƙarfinsu, kuma yana ɗaure sauran biyun ya hana a kai gare su.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin yanka. Mutum ya bar masara a gona wai ta ƙara nauyi, alhali kara yana ƙara tsufa, lignin yana ƙara kama shi, ƙwayar ma ta yi taurin da za ta fito a kashin saniya yadda ta shiga. Haba malam, itace za ka ba ta? Sai ta cika tumbi da abin da ba ya saurin wucewa, ta rage ci, nono ya ja baya. Kada kuma ka ce ramin da ake adana yankakkiyar masarar ta yi tsami zai gyara, tsamin da ake yi a can ba ya taɓa lignin. Ni nakan karya goyon masara biyu in duba ƙwayar. Idan taurin ya sauko daga sama ya kai rabi ko kashi biyu cikin uku, lokaci ya yi. A nan busasshen nauyin shukar yake kusan kashi 32 zuwa 35 cikin ɗari, sauran ruwa ne.

Sai yanka dab da ƙasa. Gindin kara shi ya fi ko'ina lignin. Ni nakan ɗaga wuƙa in bar gindin, ko da tulin zai ragu.

Zaɓen iri don tsayi kawai shi ma ganganci ne. Akwai irin da jijiyar ganyensa ruwan ƙasa ce, wanda ake kira bm3. Lignin ɗinsa kaɗan ne, shanu suna cinsa sosai, sai dai yawan abin da yake bayarwa a gona bai kai na sauran ba kuma iska ta fi kayar da shi.

Cunkusa shuka yana rage goyo ya bar ka da kara. Shekarar da aka yi zafi sosai kuwa, kara ya fi tauri, don haka a kai samfuri ɗakin gwaji kafin a haɗa abincin.