Ga masu shirin lissafin WAEC: hawa ko sauka?

'Yan'uwa ɗalibai, ba sai kun zana jadawali ba kafin ku gane ko fankshin (wato ƙa'idar lissafi irin f(x)) na hawa ko sauka. Ku fitar da diribetif ɗinsa (wato ma'aunin yadda fankshin ke canjawa), ku duba alamarsa. Inda diribetif ya haura sifili, fankshin hawa yake. Inda ya gaza sifili, sauka yake.

Mu ɗauki f(x) = x² − 4x + 3. Diribetif ɗinsa 2x − 4 ne, yana zama sifili a x = 2. Gwada x = 1 a cikin diribetif ɗin, ka sami −2, sauka ke nan. Gwada x = 3, ka sami 2, hawa.

Don Allah kada ku tsallake gwajin nan. Diribetif ɗin x³ sifili ne a x = 0, amma ta kowane ɓangare x³ hawa yake ci gaba da yi.