Darasi na Bakwai: Lambu a Ƙasar Sanyi

A gida, manomi sama yake kallo yana jiran ruwan shuka. A Ingila kuwa ruwa ba abin jira ba ne, kowane wata ana yin sa. Abin da mai lambu yake tsoro shi ne daren da ma'aunin sanyi zai sauka ƙasa da sifiri, raɓa ta daskare a kan ganye. Da safe sai ka ga ciyawa ta yi fari fat, kamar an barbaɗa mata gishiri. Tumatir ɗin da ya kwana a waje, kafin azahar ya yi baƙi ya langaɓe.

A kudancin ƙasar, irin wannan dare yakan faɗo har tsakiyar Mayu. Can arewa, wajen Sukotland, har farkon Yuni ba a sakin jiki.

Saboda haka tumatir a ɗaki ake renonsa. Ka zuba iri a 'yar roba a watan Maris, ka ajiye bakin taga mai samun rana. In ya yi ƙwari, kada ka yi gaggawar dashe. Ka riƙa fitar da shi da safe, ka shigar da shi da magariba, har kwana 10, ya saba da iska tukuna. Nan ne baƙi suka fi yin asara, don ranar Afrilu akwai yaudara.

Dankalin turawa ana binne shi daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Da ya huda ƙasa sai a yi masa huɗa, a rufe tsiron.

Wasu kuma sanyin suke so. Tafarnuwa a Oktoba ko Nuwamba ake shuka ta, ta yi hunturu a ƙasa. In ba ta sha sanyi ba, ba za ta rabu sala-sala ba, sai ta yi kai guda kamar albasa. Itacen tuffa ma sai ya zubar da ganye ya huta a sanyi kafin ya yi fure sosai, kuma tsakanin Nuwamba da Maris ake dasa shi.

Alayyahu yana yi a lokacin zafi. Kuɓewa dai, in ba ka da ɗakin gilashi, ka haƙura ka saya a kasuwa.

Aiki: Rubuta watanni 12 a jere. A gaban kowane wata, rubuta abin da ake shukawa ko dasawa a cikinsa.